Makullin Kabad ɗin Magani

Ku matso kusa. Lantana, rage fitilar nan, kada Gwaggo ta gane ba mu yi barci ba. Wannan da zan gaya muku ba tatsuniya ba ce. A makarantarmu ta kwana aka yi shi, ina aji biyu. Rabinsa da idona na gani. Sauran rabin kuma daga bakin wadda abin ya faru da ita na ji.

Makarantar 'yan mata ce, can bayan gari, sai an tsallake rafi. Ba zan faɗi sunanta ba.

Muna da doka a kan magani. Ranar da aka dawo hutu, a bakin ƙofa ake zazzage akwatin kowa. Duk wadda ta zo da magani, ko na ciwon kai ne, sai ta miƙa. A rubuta sunanta a jiki, a kai ɗakin shan magani, a sa a kabad. Kabad ɗin na ƙarfe ne, ya fi mutum tsayi, da kwaɗo kamar dunƙulen hannu. Nas ɗinmu ce ke riƙe da makullinsa. Anti Hansatu muke ce mata. Gajeriya ce mai sanyin murya. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya uku, suna wurin mahaifiyarta a cikin gari. Safe da yamma za ku gan ta kan benci da buta da kofi, masu shan magani sun yi layi. Ba ta yarda ki tafi da ƙwaya a hannu. A gabanta za ki haɗiye, ki buɗe baki ta gani.

A cikin masu layin nan akwai Shafa'atu. Gadonta na jikin nawa. Shafa muke kiranta. Yarinya ce mai kai, ba wadda ke kamo ta a lissafi. Farfaɗiya gare ta, amma ba wanda ya sani sai Anti Hansatu da baban Shafa, wani tela da ya roƙi a rufa masa asiri. Ni kaina ca nake maganin ƙarin jini take sha. 'Yar farar ƙwaya ce, ɗaya da safe, ɗaya da yamma. Shekara ɗaya da rabi muna tare, ba ta taɓa faɗuwa ba.

Sai aka kawo mana sabuwar shugabar makaranta, Hajiya Tasalla. Doguwa, mai yawan turare. Tun ba ki gan ta ba za ki san ta bi ta wuri. Ta zo da labarin cewa a wasu makarantu 'yan mata na shan ƙwayoyin maye, ta ce ita ba a gabanta ba. A satin farko ta shiga ɗakin shan magani ta miƙa hannu.

"Kawo makullin."

"Hajiya, akwai masu sha kullum. Akwai wadda ko rana ɗaya bai kamata ta tsallake ba."

"In lokaci ya yi ki zo ofis ki karɓa. In kin gama ki dawo min da shi."

Anti Hansatu ta miƙa. Hajiya ta ɗaura masa jan zare ta jefa a jakarta.

To, Hajiya ba mazauniya ba ce. Yau taro, gobe gaisuwar mutuwa, jibi ofishin ilimi. Duk inda ta tafi jaka na kafaɗarta. Sai layin magani ya zama wata rana akwai, wata rana babu. Anti Hansatu takan tsaya a ƙofar ofis har rana ta take, sannan ta dawo ta ce mana, "Ku yi haƙuri, sai yamma." Wani sati Shafa ta yi kwana huɗu ba ta sha ba.

Rana ta biyar, muna tsaye a filin taro da safe, ta faɗi.

Na ji ƙarar kanta a ƙasa. Jikinta ya sandare, sannan ya fara fizga, kumfa na fita ta bakinta. Wata ta ce kada miyaunta ya taɓa mu. Sai kowa ya watse. Ni ma na gudu. Ƙawata ce, da cokali ɗaya muke shan gari, amma na gudu har takalmina ya cire. Anti Hansatu ce kaɗai ta durƙusa, ta juyar da ita gefe, ta sa mata ɗankwalinta a ƙarƙashin kai.

Da yamma ta sami Hajiya a ofis. Ta gaya mata ciwon, ta gaya mata abin da ya jawo faɗuwar. Hajiya ta daɗe tana kallonta.

"Kina nufin laifina ne?"

"Ban ce ba, Hajiya. Na ce maganin ne bai samu ba."

"Wa ya ji kin faɗi haka?"

"Babu kowa."

"To ya tsaya a nan. Yarinyar nan iska ce ta taɓa ta. Na ga irinta da yawa."

Ku gane wani abu. In aka ce rashin magani ne, za a tambaya wa ke riƙe da makulli. In aka ce aljanu ne, ba wanda za a tambaya.

Limamin makarantarmu ya zo ya yi wa Shafa addu'a, ya ce shi bai ga komai ba, a ci gaba da ba ta maganinta. Hajiya ba ta ƙara kiransa ba. Ta aika aka ɗauko wani mutum daga ƙetaren rafi, mai jaka cike da ƙulle-ƙulle. Ya turara hayaƙi har Shafa ta yi ta tari. Ya ce aljana ce, kuma ya san gidanta. Ya ce a daina ba yarinyar ƙwayar asibiti, don tana hana aikinsa ci.

Tsakanin ɗakunan kwananmu da ɗakin shan magani akwai wata 'yar siririyar hanya ta cikin ciyawa. A tsakiyarta akwai wata tsohuwar kanya, mutum uku ba sa zagaye ta da hannu. A gindinta muke tsintar 'ya'yan kanya. Ita mutumin ya nuna. Kwana biyu ana saranta. Da ta faɗi sai da tagogin ajinmu suka girgiza.

Duk abin nan Anti Hansatu na tsaye tana kallo. Ba ta ce komai ba. An riga an gaya mata cewa nas ba ta wuyar samu.

Ranar Juma'a Hajiya ta tafi birni sunan jikarta. Da jakarta. A daren aka kwana ana ruwa, aka wuni Asabar ana yi. Rafi ya cika ya shafe hanya. Ba mota, ba babur.

Bayan la'asar Shafa ta sake faɗuwa a ɗaki. Wannan karon ba irin na farko ba ne. Sai ta lafa kamar ta dawo, kafin ta buɗe ido wani ya sake kama ta. Anti Hansatu ta zo a guje. Ta duba agogo, ta duba yarinyar. Na ga leɓen Shafa ya fara yin baƙi. Akwai allurar da ke tsayar da irin wannan fizgar, kuma akwai ta a makarantar. Tana cikin kabad.

Anti Hansatu ta kira wayar Hajiya sau bakwai. A kashe. Ta je wurin maigadi ta ce ya zo ya fasa kwaɗon.

Ya ce, "'Yata, ni da bakina ba zan ce a bar yarinya ta mutu ba. Amma kayan gwamnati ne. In na fasa, ni za a ɗaure."

"To ara min gatarinka."

Ya juya baya. Ya ce, "Yana bayan ƙofa. Ni ban ga kin ɗauka ba."

Daga nan abin da zan faɗa, ita ta gaya min, bayan shekaru.

Almuru ta yi. Ruwan ya tsagaita, sai yayyafi. Ta kama 'yar hanyar nan ita kaɗai, gatari a hannu, taɓo na kama mata takalmi. Ko'ina kukan kwaɗi, har ba ta jin takunta. Ta kusa kututturen kanyar, sai kukan ya tsaya. Gaba ɗaya, lokaci guda. Ta ce har ɗigar ruwa daga ganye ta daina ji.

Akwai mace zaune a kan kututturen.

Dattijuwa ce, da baƙin zane na saƙi, ta lulluɓe kai. Ta haɗa hannu a cinya kamar mai jiran a kira ta. Anti Hansatu ta ɗauka uwar wata ɗaliba ce ruwa ya tare.

"Sannu, Inna."

"Sannu, mai magani."

Matar na gabanta. Amma muryar ta bayan kunnenta ta fito. Ta waiwaya. Ba kowa.

"Inna, wa kike nema? An hana baƙi shiga bayan la'asar."

"Ni ba baƙuwa ba ce. Makarantar ce ta same ni a nan."

Yayyafi na sauka a kan Anti Hansatu, rigarta ta jiƙe sharkaf. Zanen matar a bushe yake. Ko ɗigo babu.

Kun san nas, duk wanda ta gani sai ta dubi ƙafarsa, ko akwai kumburi. Sabo ne. Idonta ya sauka ƙasa da kansa. Ta ga dunduniyar matar a gaba, yatsun suna kallon baya.

Ta ce gatarin ya yi mata nauyi kamar an ɗora mata dutsen niƙa. Ta so ta karanta addu'a, harshenta ya manne. Ta samu da ƙyar ta yi bisimilla a zuci. Matar ba ta ɓace ba. Ba ta ma motsa ba.

"Karanta, ban hana ki ba. Ba cutar da ke na zo yi ba. Tambaya na zo yi."

Dattijuwar ta gyara lulluɓinta.

"An ce ni na kama yarinya."

"Haka aka ce."

"Ke me kika ce?"

Dattijuwar ta shafa kututturen da take zaune a kai.

"Shekara nawa 'ya'yanku na tsintar kanya a ƙofata. Suna hawa, suna karya min rassa. Na taɓa wata?"

"A'a, Inna."

"Ciwon yarinyar nan a kanta yake. Da shi aka haife ta. Kin sani ko ba ki sani ba?"

"Na sani."

"Kina tsaye aka sare min gida."

"Ina da 'ya'ya uku, Inna. Ba su da uba. In aka kore ni..."

"Ni ma ina da uku. Kwana tara ke nan suna kwana a ruwa."

Ta ce da matar ta yi mata tsawa da ya fi mata sauƙi. Amma a hankali take magana, kamar mai ba da labarin wani.

"Ajiye gatarin. Ba zai fasa ba. Kafin ki gama sara, yarinyar ta tafi."

Sai ta buɗe hannunta. Makulli ne a ciki, da jan zare a ɗaure.

"Karɓi."

Anti Hansatu ta miƙa hannu ta karɓa. Makullin da ɗumi, kamar yanzu aka zaro shi daga jikin mutum. Ƙamshin turaren Hajiya na tashi daga zaren. Hajiya kuwa tana birni, tafiyar awa uku, da rafi a tsakani.

"Me zan ba ki, Inna?"

"Ki gaya musu ba ni ba ce."

"Shi ke nan?"

"A gaban kowa aka faɗi sunana. A gaban kowa za ki wanke ni. Wuce. Kada ki waiwayo."

Ta wuce ta gefenta. Ta ce sanyin da ya fito daga jikin matar irin na bakin rijiya ne. Taku goma ta yi, kwaɗi suka ci gaba da kuka.

Makullin ya buɗe kwaɗon. Ta ɗauko allurar da ƙwayoyin Shafa, ta zagayo ta babbar hanya a guje. Ina ɗakin lokacin da ta shigo. Wannan karon ban gudu ba, ni na riƙe fitila. Ba gatari a hannunta, fuskarta kamar an shafa toka. Ta yi allurar. Muka zuba ido. Can sai fizgar ta fara raguwa, ta ragu, ta tsaya. Shafa ta ja dogon numfashi ta yi barci.

Kada ku yi murna tukuna.

Ta rayu. Amma ciwon ya daɗe a kanta fiye da yadda ƙwaƙwalwa ke ɗauka. Da ta farka washegari bakinta ya yi nauyi. Sai ta fara magana ta manta ƙarshenta. Na ba ta littafinta na lissafi don in faranta mata. Ta juya shi, ta sake juyawa, ta tambaye ni na wane ne.

Litinin ruwa ya janye, Hajiya ta dawo. Ta zazzage jakarta a kan tebur ba ta ga makulli ba. Anti Hansatu ta shigo ta ajiye mata shi.

"A ina kika samu?"

"Zan faɗa a filin taro."

Aka buga ƙararrawa muka yi layi. Hajiya ba ta gama gaisuwa ba Anti Hansatu ta hau kan dakalin. Matar da ba a jin muryarta daga benci zuwa ƙofa, ranar har 'yan layin baya sun ji ta.

Ta ce, "Shafa'atu farfaɗiya gare ta. Ciwo ne kamar kowane ciwo, ba a ɗaukarsa ta miyau, kuma yana da magani. Shekara ɗaya da rabi tana sha ba ta faɗi ba. An kulle maganin ne aka tafi da makulli. Ni na sani, na yi shiru, Allah Ya yafe min."

Da ta tsaya a nan, wataƙila da wani ya saurare ta. Amma ta yi alkawari.

Ta ce, "Mai gidan kanyar nan da aka sare ta tare ni. Ita ta ba ni makullin. Ta ce in gaya muku ba ita ba ce."

Sai wata malama ta yi salati a hankali. Sai na ji 'yan aji shida sun fara ƙus-ƙus. Hajiya Tasalla ta girgiza kai, kamar mai jin tausayi.

Ta ce, "Kun gani ko? Abin ya bar yarinya ya koma kan nas. Ku riƙe ta a hankali, kada ku ji mata ciwo."

Malamai biyu suka sauko da ita. Ba ta yi gardama ba. A takardar da aka aika ofishin ilimi an rubuta cewa ta saci makulli daga jakar shugaba tun kafin tafiya, kuma hankalinta ya taɓu. Maganar da ta yi a kan maganin ta bi ruwa tare da maganar kanya. Wa zai kama zancen mahaukaciya? Kafin sati ya zagayo ta kwashe kayanta. Ba wata makaranta ko asibiti da ta sake ɗaukarta. Lokacin da na same ta, ƙosai take soyawa a ƙofar gidan mahaifiyarta.

Shafa kuwa, babanta aka kira ya zo ya ɗauke ta. Aka ce masa iska ce, makaranta ba za ta iya ba. Na gan shi yana ɗaure akwatinta a bayan keke. Har godiya ya yi wa Hajiya, ya ce an yi ƙoƙari.

Na je gidansu bayan na gama makaranta. Tana zaune a zaure kusa da keken ɗinkin babanta, tana tsince zare daga ƙasa. Ta gane ni. Ta yi murmushi da gefen baki ɗaya. Ta ce, "Balaraba, an dawo hutu?" Na ce mata tukuna.

Me kika ce, Lantana? Me aljanar ta yi wa Hajiya?

Ba ta yi mata komai ba. Ko ciwon kai. Shekara biyu bayan nan aka ƙara mata girma aka mayar da ita birni. Mu muka yi mata waƙar bankwana, da ni a layin gaba. Na san kuna so in ce ta makance, ko bakinta ya karkace. Ba a yi ba. Matar kanya ba mai taɓa mutane ba ce, ai ta faɗa tun farko.

Abin da ya rage shi ne hanyar.

Ina aji biyar, wata yamma zazzaɓi ya kama ni. Na makara, layin magani ya kusa tashi. Na ce bari in yanke ta gajeriyar hanya. Ana kiran magariba a cikin gari. Kututturen na nan, ya yi baƙi, gara ta ci gefensa. Ban ga kowa ba. Amma tsuntsayen da ke shirin kwana suka yi shiru. Sai na ji numfashi a bayan kunnena.

"Yarinya."

Na tsaya cak.

"An gaya musu?"

Na ce, "An gaya musu, Inna."

"Sun yarda?"

Ina wurin ranar taron nan. Na san gaskiya, don ni na riƙe fitila. Kuma da aka sauko da Anti Hansatu daga dakali, ban buɗe baki ba. Me zan ce wa matar nan? Na tattara ƙarfina na ruga. Ban tsaya ba sai a ƙofar ɗakin shan magani, na faɗi a kan benci ina haki. Sabuwar nas ɗin ta ce zazzaɓi ne ya hau min kai.

Ba ni kaɗai ba ce. Wasu ma sun ji, kafin ni da bayana. Tambaya biyun nan dai, ba ƙari.

Saboda haka ku ji ni da kyau. In Allah Ya kai ɗayarku makarantar kwana, ta ga wata 'yar hanya ta cikin ciyawa da baƙin kututture a tsakiya, kada ta bi ta ita kaɗai. Ko da rana tsaka. Ta zagaya ta babbar hanya, ko da jikinta na rawar zazzaɓi. Ba za a kama ta ba, ba za a shiga jikinta ba. Tsayar da ita za a yi a tambaye ta ko sun yarda.

Har yau ba su yarda ba. Kuma har yau ba a sami wadda ta iya tsayawa ta gaya mata ba.